Daga wane aljihu ake biyan kuɗin gyaran titi, famfo da fitilu?

Tambaya: Malam, sau da yawa ina ganin an buɗe sabon titi da gagarumin biki, amma bayan shekara biyar ko shida sai ya farfashe, babu mai waiwayarsa. Haka fitilun kan titi, haka bututun ruwa. Shin daga ina ƙananan hukumomi da hukumomin birane ke samun kuɗin kula da waɗannan abubuwa, kuma me ya sa kullum amsar ita ce babu kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na daɗe ina aikin tsara kasafin ayyuka a hukumomin birane, kuma abin da ya fi zauna mini a rai a duk tsawon wannan lokaci shi ne, kuɗin gini da kuɗin kula ba daga rijiya ɗaya ake ɗebo su ba. Kuɗin gini sau ɗaya ake nemansa. Ana iya samunsa daga gwamnatin sama, ko rance, ko tallafin wata ƙasa, kuma kowa yana son a ga hannunsa a ciki domin akwai ranar buɗewa da allo mai ɗauke da suna. Kuɗin kula kuwa kamar ciyar da iyali ne: bana za a nema, baɗi ma za a nema, har ranar da abin ya daina aiki. Duk hukumar da ba ta da wata kafa da ke kawo mata kuɗi kowace shekara, wadda aka ɗaure ta da wannan aiki, to titinta ya fara mutuwa tun ranar da aka yanke kyallen buɗe shi.

Bari in fara da yadda titi ke lalacewa, domin sai an fahimci wannan ake gane dalilin da ya sa jinkiri ke da tsada. Kwaltar da kake gani a sama rufi ce kawai. Ƙarfin titi yana ƙasa, a cikin tsakuwa da ƙasar da aka daddaɓe da rola. Rana tana busar da kwalta har ta yi tsaga siririya kamar zare. A wannan mataki, ma'aikata uku da tukunyar narkakkiyar kwalta sun isa su toshe tsagar a yini guda. Idan aka bar ta, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan sama ya sauka cikin tsagar, ya jiƙa abin da ke ƙasa, mota ta taka, wurin ya lotsa, tsagar ta yi rassa har ta koma kamar bayan kada. Daga nan sai rami. Rami kuma yana tara ruwa, ruwan yana ƙara cin gefensa. Wanda ya zo a wannan lokaci faci ba zai yi masa amfani ba, sai ya kankare titin ya sake shimfiɗa shi tun daga tushe. Shi ya sa injiniyoyin hanya ke cewa babban maƙiyin titi ruwa ne, kuma mai yashe magudana da kwalbati yana yi wa titi hidimar da ta fi ta mai zuba kwalta.

Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto a 1988 kan lalacewar hanyoyi a ƙasashe masu tasowa. Ya ƙiyasta cewa a cikin ƙasashe 85, an yi asarar hanyoyin da darajarsu ta kai dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, alhali da an kashe ƙasa da dala biliyan 12 wajen kula da su a kan kari, da ba a yi wannan asara ba.

Ga wani lissafi mai sauƙi da nake yi wa duk sabon kansila. A ƙaddara gari yana da titunan da tsawonsu ya kai kilomita 400, kuma kowane titi yana buƙatar sabuwar shimfiɗa bayan shekara 20. Ma'ana, dole a sabunta kilomita 20 kowace shekara kafin a ce garin yana tsaye a inda yake. Idan kasafin bana ya ɗauki kilomita 5 kawai, to an yanke hukuncin cewa kowane titi zai jira shekara 80. Sauran kilomita 15 ɗin bashi ne, duk da cewa ba ya bayyana a littafin kowane banki. Haka bututu: hukumar da ke canza kashi 1 cikin 100 na bututunta a shekara tana fatan kowane bututu ya yi shekara 100 a ƙarƙashin ƙasa.

To, daga ina kuɗin yake fitowa? Abin ya danganta da ko ana iya auna abin da mutum ya sha. Ruwan famfo ana iya sa masa mita, a kuma yanke wa wanda ya ƙi biya. Titi da fitila da magudana ba a iya hana kowa amfani da su, don haka ba a sayar da su, sai dai a biya daga haraji. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan dukan tsarin.

A ɓangaren ruwa, tsarin da ya fi lafiya shi ne hukumar ruwa ta riƙe asusunta daban, abin da aka karɓa daga masu famfo ya tsaya a kan ruwa. Zan riƙa cewa kuɗin famfo, don kada a rikita shi da kuɗin ruwa na rance. Kuɗin famfo ya kamata ya ɗauki nauyi uku. Na farko, hidimar yau da kullum: wutar lantarkin da ke tura injuna, sinadarin tace ruwa, albashi. Na biyu, biyan bashin da aka ci aka gina matatar. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato ajiyar canji, kuɗin da ake warewa don sauya kayan da suka tsufa. Injin tura ruwa da zai yi shekara 15 yana cinye kashi ɗaya cikin goma sha biyar na kansa kowace shekara, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar da ba ta ware wannan kaso ba, ranar da injin ya tsaya za ta fara yawon neman taimako. Matsalar ita ce ƙarin kuɗin famfo ba ya yi wa kowane ɗan siyasa daɗi, sai a bar farashin ya daskare shekara da shekaru, farashin kaya yana tashi. Ajiyar canji ita ake fara cinyewa, domin ita kaɗai ce ba ta da mai yi mata kuka a wannan wata.

Akwai kuma ruwan da aka tace, aka tura, amma bai kawo ko sisi ba: wani ya zube ta bututun da ke yoyo, wani an ja shi ta ɓarauniyar hanya, wani mitar ce ta lalace. Birnin Phnom Penh na ƙasar Kambodiya ya zama abin misali a nan. A 1993 kimanin kashi 72 cikin 100 na ruwan birnin yana tafiya a banza. A ƙarƙashin jagorancin Ek Sonn Chan, hukumar ruwan ta canza tsofaffin bututu, ta sa mita a kowane gida, ta tilasta wa manya da ma'aikatun gwamnati su biya, har asarar ta sauko ƙasa da kashi 10. Ban raina tallafin da suka samu daga waje ba, amma abin da ya riƙe tsarin bayan tallafin ya wuce shi ne kuɗin da masu famfo ke biya duk wata.

Idan kuma aka nemi tsimi a inda bai kamata ba, abin da ya faru a Flint ta jihar Mishigan a Amurka ya isa wa'azi. A watan Afrilun 2014, birnin yana cikin matsin kuɗi a ƙarƙashin manajan gaggawa da jiha ta naɗa, aka koma ɗebo ruwa daga kogin Flint don rage kashe kuɗi, kuma ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin cikin bututu ba. Dalma ta narke daga tsofaffin bututu ta shiga ruwan da yara ke sha. Diyyar da kotu ta amince da ita a 2021 ta haura dala miliyan 600, ban da kuɗin canza bututun, ban da lafiyar yaran da kuɗi ba ya mayarwa.

Yanzu mu koma kan titi, inda babu mita. Babbar kafar da ƙaramar hukuma ke da ita ta kanta, a mafi yawan ƙasashe, ita ce harajin gidaje da filaye. Ni ina ganin babu harajin da ya fi shi dacewa da wannan aiki. Gida ba ya guduwa, ba a ɓoye shi, kuma darajarsa tana hawa ne saboda titin da ke gabansa da magudanar da ke kare shi daga ambaliya. Wanda ya ci moriyar shi ne yake biya. Amma wannan haraji yana da ciwo guda biyu: rajista da ƙima. Idan rabin gidajen gari ba sa cikin littafi, ko kuma ƙimar da aka yi musu ta tsufa, kuɗin ba zai taɓa kamo tsadar kwalta ba. Wannan ba ciwon matalautan ƙasashe kaɗai ba ne. A Ingila, harajin gidaje da aka fara karɓa a 1993 har yanzu yana tafiya a kan ƙimar da gidaje ke da ita a 1991. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙuri'ar raba-gardama ta 1978 ta ƙayyade harajin a kashi 1 cikin 100 na ƙimar gida, ta kuma hana ƙimar hawa fiye da kashi 2 a shekara muddin ba a sayar da gidan ba, sai birane suka koma neman kuɗi ta wasu ƙananan caje-caje. A ɗaya ɓangaren, birnin Firitawun na Saliyo, a zamanin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr, ya sake rajistar gidajensa da hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma fara aiki da sabon tsari a 2020 wanda ke ba kowane gini maki bisa girmansa da kayan da aka yi shi da su da unguwar da yake. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne mai gida yana iya ganin yadda aka lissafa nasa, ya kwatanta da na maƙwabcinsa.

Sai dai ba kowane nauyi ne ya kamata mai gida ya ɗauka ba. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, aka riƙa zagaya motoci masu nauyi daban-daban a kan titunan gwaji har suka farfashe. Abin da aka gano shi ne ɓarnar ba daidai da nauyi take hawa ba. Idan nauyin da ke kan layin tayoyi ya ninka biyu, ɓarnar tana ninkawa kusan sau 16. Idan ya ninka goma, kusan sau dubu goma. Wato tirela ɗaya da aka labta wa kaya tana iya yi wa titi abin da dubban ƙananan motoci ba su yi ba, kuma sau da yawa ratsa garin kawai ta yi. Harajin da take biya a kan mai kuwa gwamnatin tarayya ko ta jiha ke karɓa. Idan ba a dawo wa gari da kasonsa ba, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ne dalilin kason da ke saukowa daga sama. Ƙasashe da dama sun kafa asusun hanyoyi na musamman wanda harajin mai ke zuba a ciki kai tsaye, a raba wa hukumomi bisa tsawon hanyoyinsu da yawan jama'arsu. Kenya, alal misali, ta kafa hukumar da ke kula da irin wannan asusu a ƙarƙashin dokar 1999. Tsarin yana da kyau idan kuɗin yana zuwa a kan lokaci kuma ba a karkatar da shi. Rauninsa shi ne idan an yanka harajin a matsayin tsayayyen adadi a kan kowace lita, hauhawar farashi tana cinye shi a hankali. Harajin man fetur na tarayya a Amurka yana nan a santi 18.4 kan kowane galan tun 1993, kuma tun 2008 majalisa ke ɗebo kuɗi daga babban asusun gwamnati tana cike giɓin. Motoci masu amfani da lantarki ma suna ƙara yawa, suna taka titi ba sa sayen mai. Wani abin da na sha gani kuma shi ne tallafin sama yakan zo da sharaɗin sabon aiki kawai. Sai shugaban hukuma ya ga ya fi masa sauƙi ya bar titi ya mutu murus, domin sake ginawa akwai mai biya, toshe tsaga kuwa daga aljihunsa ne.

Akwai wasu ƙananan kafofi da ba zan tsaya a kansu sosai ba: kuɗin ajiye mota, lasisin kasuwanci, kuɗin allunan talla, da abin da ake karɓa daga mai gina sabuwar unguwa don faɗaɗa bututu da hanya. Landan tana cajin motocin da ke shiga tsakiyar birni tun 2003, doka kuma ta ce a kashe ribar a kan sufuri. Kolombiya tana da doka tun 1921 da ke ba da damar raba kuɗin aiki a kan masu filayen da aikin ya ɗaga darajarsu, birnin Bogota kuma ya gina manyan hanyoyi da dama ta haka. Filadelfiya ta Amurka, daga 2010, ta fara cajin manyan filaye kuɗin magudana gwargwadon faɗin rufi da daɓen da ke hana ruwa shiga ƙasa, domin su ne ke turo ruwan da ke cika kwata.

Rance kuwa, yana da muhallinsa. Gadar da za ta yi shekara 50 babu laifi a raba biyan kuɗinta a kan shekara 25, domin waɗanda za su hau ta nan gaba su ma su sa hannu. Birnin Ahmadabad na Indiya ya sayar da takardun lamuni na rupi (kuɗin Indiya) biliyan ɗaya a 1998 don aikin ruwa da magudanan bahaya, ba tare da jiha ta tsaya masa ba, kuma ya iya hakan ne bayan ya gyara karɓar harajinsa. Mai ba da rance kafar biya yake dubawa. Amma cin bashi don yin faci ko biyan kuɗin wutar fitilu, wannan kam alama ce ta cewa gidan ya fara cin jarinsa. Haka sayar da kafar kuɗin shiga don toshe ramin bana. A 2008 Shikago ta Amurka ta ba da hayar mitocin ajiye motocinta na shekara 75 a kan kimanin dala biliyan 1.15. Cikin 'yan shekaru aka kashe mafi yawan kuɗin wajen cike giɓin kasafi, ga shi kuma yarjejeniyar ta wajabta wa birnin biyan diyya idan ya rufe wurin ajiye mota fiye da yadda aka amince.

Fitilun kan titi suna nuna dukan wannan a taƙaice. Sandar da kan fitilar sau ɗaya ake saye, wutar kuwa duk dare ake sha. Lokacin da Ditroit ta Amurka ta shigar da ƙarar fatara a watan Yulin 2013, da bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18, kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun birnin ba sa kamawa. Yadda aka gyara abin shi ne darasin. An kafa hukumar fitilu ta daban, aka ɗaure mata wani kaso na harajin da ake karɓa a kan takardun biyan wuta da gas da tarho, ta ci rance a kan wannan kaso, zuwa ƙarshen 2016 ta kafa fitilun LED, masu ƙarancin shan wuta, guda 65,000. Fitila mai amfani da hasken rana ma ba ta kuɓuta daga wannan lissafi ba. Ba ta da kuɗin wuta, amma batirinta yana da wa'adi, kuma idan ba a sa kuɗin canza shi a kasafi tun ranar kafawa ba, sandunan za su tsaya a jere cikin duhu.

Wani abu da ya taɓa faruwa a gabana ya koya mini cewa ko kuɗin yana nan, rarrabuwar asusu tana iya cinye shi. Mun gama shimfiɗa wani titi, ko wata huɗu bai yi ba, sai na ga wani wuri a tsakiyarsa yana damshi alhali ba a yi ruwan sama ba. Na sa ƙafa na taka, kwaltar ta yi laushi kamar katifa, ruwa ya tsattsafo ta gefen takalmina. Tsohon bututu ne a ƙasa yake yoyo, ya daɗe yana wanke ƙasar da ke riƙe da titin. Masu ruwa suka zo da diga suka fasa sabuwar kwalta, suka ɗaure bututun, suka mayar da ƙasa ba tare da sun daddaɓe ta ba, suka tafi. Damina ɗaya wurin ya rufta. Sun san bututun ya tsufa, mu kuma mun san za mu shimfiɗa titi, amma babu wanda ya ga jadawalin ɗan'uwansa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin kuɗin jama'a ɗaya ne aka kashe sau biyu. Biranen da suka shawo kan wannan suna yin abu uku: suna haɗa masu ruwa da masu wuta da masu wayar sadarwa a teburi ɗaya kafin a fara aiki, suna hana fasa sabon titi na wasu shekaru sai da larura, kuma suna karɓar ajiyar kuɗi daga mai fasawa wadda ba za a mayar masa ba sai facin ya ga damina ya tsira. Landan ta ƙara da cajin kamfanoni kuɗin hayar titi a kan kowace rana da suka tare manyan hanyoyi, tun 2012.

Saboda haka idan aka ce maka babu kuɗi, wani lokaci gaskiya ne, domin akwai hukumomin da aka ɗora wa aiki ba a ba su ikon karɓar harajin da zai ɗauke shi ba. Amma kana da damar ka bincika da kanka. Ka nemi kundin kasafin hukumarku, ka wuce shafukan sababbin ayyuka, ka je layin kula da gyara. Ka duba abin da aka ware bara, sannan ka duba abin da aka saki a zahiri, domin a tsakanin waɗannan lambobi biyu ake yanka gyara a ɓoye. Ka tambaya ko hukumar tana da rajistar kadarorinta: kilomita nawa na titi, bututu nawa, shekarunsu nawa, wanne ne ya kusa ƙarewa. Kuma duk ranar da aka kira ku taron sabon aiki, ka ɗaga hannu ka tambayi nawa za a riƙa kashewa a kansa kowace shekara bayan an buɗe shi, da kuma sunan asusun da kuɗin zai fito.